Kiɗa Ne Ke Saukar Da Ruhu Mai Tsarki?

Tambaya: Baba, salama a cikin sunan Ubangiji. Ni ce shugabar mawaƙa a wata ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye. Wata huɗu ke nan da kibod ɗinmu ya lalace, da ganga da tulu muke yabo. Wani baƙon mai wa'azi ya zo ya ce sujadarmu busasshiya ce, Ruhu ba zai sauko ba sai mun sayi kayan kiɗa na zamani. Tun ranar matasa suka fara janye jiki, dattawa na maganar cin bashi, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Ashe duk watannin nan Allah bai karɓi yabonmu ba?

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Bulus da Sila sun raira waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk bulala, ƙafafunsu a turu, ba ganga ba tulu, kuma kin san abin da Allah ya yi a daren: ƙasa ta girgiza, ƙofofin kurkukun suka buɗe (Ayyukan Manzanni 16:25-26). Ku har kun fi su kaya.

Amma maganar baƙon nan ba zan bar ta ta wuce ba, don kusan kullum sai na ji irinta, ta kuma ishe ni. Wai sai mai kibod ya taɓa a hankali, mai jagora ya maimaita baiti ɗaya sau ashirin, sannan Ruhu ya sauko. Daga ina muka samo wannan? Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wurin da ake kiran ruhu da kiɗa: wajen bori. Kowane iska da takensa, mai garaya ya kaɗa, masu ƙwarya su amsa, iska ya hau dokinsa. Wannan tunanin ne aka sa wa riga sabuwa aka shigo da shi majami'a. Ruhu Mai Tsarki Allah ne, ba shi da take, ba makaɗin da yake da iko a kansa. A ranar Fentikos almajirai suna zaune ne a cikin gida ya sauko. Yanzu kuma yana zaune a cikin kowane mai bi (1 Korintiyawa 3:16), tare da ke yake shiga majami'a ranar Lahadi.

Masu wannan ra'ayi za su kawo miki annabi Elisha, da ya ce a nemo masa mai kiɗa kafin ya yi annabci (2 Sarakuna 3:15). Gaskiya ne ya faru, amma sau ɗaya aka rubuta hakan, sauran ayyukansa duka ba makaɗi a gefensa. Za su kawo Dawuda, da yakan yi wa sarki Saul kiɗa in mugun ruhu ya dame shi, har ya sami sauƙi. To su ƙarasa karatun mana: a 1 Sama'ila 18:10-11 Dawuda yana cikin kiɗan ne Saul ya jefe shi da mashi. Kiɗa ya sanyaya wa Saul jiki, zuciyarsa tana nan yadda take.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaranmu. Yaro ya saba cewa in tsigar jikinsa ta tashi to Allah ya zo. Ran da ya kwanta a asibiti, ko rikici ya kore su suka tsinci kansu a sansanin 'yan gudun hijira, ba lasifika ba janareto, sai ya ɗauka Allah ya yashe shi. Na zauna da irin yaran nan suna kuka, wasu ma sun daina addu'a gaba ɗaya. Tsigar jiki kuwa tana tashi a gidan biki, tana tashi a filin ƙwallo. Agustin, bishop ɗin Hippo a Arewacin Afirka, da kansa ya ce in muryar waƙa ta fi kalmominta taɓa shi, yakan ɗauka ya yi zunubi.

Kada ki ce na ƙi kayan kiɗa. Zabura 150 ta kira ƙaho da molo da kuge, Dawuda kuma ya ware Lawiyawa 4,000 don yabo da kayan kiɗa (1 Tarihi 23:5). Sai dai aikin waƙa a sujada shi ne wanda Kolosiyawa 3:16 ta faɗa: maganar Almasihu ta zauna a cikinmu, mu koya wa juna, mu gargaɗi juna, mu gode wa Allah. Iyayenmu na Zumuntar Mata, da yawansu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, amma da tulu da kacau-kacau suka haddace bishara har suka kai ta ƙauyuka.

Ki gaya wa dattawa cikin ladabi kada su ci bashi. In an tara kuɗi a hankali a gyara kibod ɗin, madalla. Kafin nan ki zauna da mawaƙanki, ku ɗauki waƙoƙin Lahadi mai zuwa, ku karanta kalmomin baiti-baiti ba tare da kiɗa ba, ku nemo ayar da kowace waƙa ta tsaya a kai. Wadda kuka rasa mata aya, ku ajiye ta. Matasan da suka janye kuma ki bi su gida, ki ba su ganga su riƙe.