Wace Taliyar Italiya Ce Ta Dace da Miyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. A babban kanti ina ganin taliyar Italiya iri-iri, wata doguwa, wata mai rami, wata a murɗe, kuma wadda ta fi tsada sai ta yi fari-fari kamar ta daɗe a ajiye. Miyar niƙaƙƙen nama da tumatir nake yawan yi. Wacce zan saya? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kaurin miyarki shi ne zai zaɓa miki taliya. Miya mai gudajin nama tana buƙatar taliyar da za ta riƙe naman, wato mai rami da zane a jiki irin su rigatoni da penne rigate, domin naman yana shigewa cikin ramin, miyar kuma tana maƙalewa a zanen. Idan kika zuba irin wannan miya a kan spaghetti, za ki cinye taliyar ki tarar da naman ya taru a gindin faranti. Mutanen birnin Bologna na Italiya, waɗanda suka shahara da miyar nama ta ragù, da tagliatelle suke cinta, taliyar ƙwai mai faɗi wadda a 1972 har rajistar faɗinta aka yi a cibiyar 'yan kasuwar birnin, milimita 8 bayan dahuwa. Ki bar spaghetti ga miya mara kauri, kamar ta man zaitun da tafarnuwa da barkono, ko ta tumatir zalla, wadda za ta lulluɓe kowane zare.

Farin da kika gani ba tsufa ba ne. Ana matse kwaɓin ne ta cikin faranti mai huji-huji, kuma idan farantin na tagulla ne taliyar takan fito da kaushi, kaushin nan ne ke kama miya. Wadda aka matse ta cikin faranti mai Teflon kuwa, wato robar nan mai santsi da ake shafe kasko da ita don kada abinci ya kama, takan fito rawaya mai santsi da sheƙi. Ki duba jikin leda, za ki ga an rubuta "trafilata al bronzo" a kan ta tagulla, kamar yadda ake yi a garin Gragnano kusa da birnin Napoli. A ganina ƙarin kuɗin ya fi amfani ga spaghetti, inda miyar ba ta da wurin fakewa sai jikin taliyar. Ga miyarki ta nama, rigatoni mai sauƙin kuɗi ma ta wadatar, muddin daga tsakin alkama mai tauri aka yi ta, wato "semola di grano duro".

Sai dai duk tsadar taliya, idan kika ɗauraye ta da ruwan sanyi bayan tacewa, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, kin wanke sitacin da ke haɗa ta da miya. Ki tsame ta minti ɗaya kafin ta nuna sosai, ki juye ta cikin tukunyar miyar da ludayi ɗaya na ruwan dahuwarta, ki juya a kan wuta har miyar ta kama jikinta.