Zaɓe Ya Hana Ni Barci

Tambaya: Anti, tun da aka fara yaƙin neman zaɓe barci ya ƙaurace min. Ƙarfe 2 na dare ina bin gardama a Facebook, gabana yana ta faɗuwa. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Sannu ƙanwata, ni ma na ɗanɗani wannan a zaɓen da ya wuce. Mugun labari a waya kan sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, sai zuciya ta hau bugawa kamar ana bin ki.

Ga abin da ya taimake ni. Ki ajiye wayar, ki zauna. Ki shaƙi iska kina ƙirga 4, ki fitar a hankali kina ƙirga 6, na minti 5. Jan fitar numfashin ne ke sassauta bugun zuciya. Tunanin "idan ɗan takararmu ya faɗi fa?" zai dawo, tabbas. Kada ki yi kokawa da shi, ki lura ya zo, ki mayar da hankalinki kan numfashi, ko sau 20 ne.

Labarai kuwa, sau 2 a rana ya isa, wayar ta kwana nesa da gado. In rashin barcin ya zarce mako 2, don Allah ki ga likita.