Kwamfuta ko PlayStation a shagon gem: kada mai sayarwa ya zaɓar maka

Tambaya: Ina da shagon cajin waya a Zariya, na tara kuɗi zan buɗe wurin buga gem a gefe. Ɗan yayana mai sayar da kayan kwamfuta ya ce in rabu da PlayStation, in sayi kwamfuta huɗu a wajensa, kowacce da katin hoto na gwanjo mai 8GB, wai cikin wata uku uwar kuɗina za ta dawo. Har na ba shi kafin alƙalami. Shin 8GB ɗin ya isa?

Amsa: Malam, kafin alƙalamin nan ya fi 8GB ɗin damuna. Wanda zai ci ribar cinikin shi ya zaɓar maka kaya, shi ya yanka farashi, shi kuma ya yi maka lissafin wata uku. Ban ce yaron macuci ne ba. Amma abin da ke shagonsa shi zai yaba, kuma ranar da kati ya mutu ba ka da bakin magana, don kafin ka ɗaga murya zance ya kai gaban yayanka.

Ko sunan katin ba ka faɗa ba, alamar bai gaya maka ba. Yawan GB ba shi ne ƙarfin kati ba, wurin ajiyar hotunan gem ne kawai yayin da ake bugawa, gudu kuwa daga injin katin yake fitowa. GT 730 mai 4GB ko kusa ba ya kamo GTX 1060 mai 3GB. Katin gwanjo mai 8GB da ya fi yawo cikin araha shi ne RX 580, wanda ya fito tun 2017. Da yawansu sun shekara suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, sai da Ethereum ta daina haƙa a Satumban 2022 aka juye su kasuwa. Akwai kuma RX 580 2048SP, suna ɗaya amma ƙarfinsa na RX 570 ne. Wasu masu sayarwa ma sukan haɗa memorin kati da wanda Windows ke arowa daga RAM, wato memorin kwamfutar kanta, su faɗa maka jimla.

Shin 8GB ya isa? Ga gem ɗin ƙwallo a kaifin hoto na 1080p ya isa har ya yi saura, domin FC 24 ma kati mai 4GB irin GTX 1050 Ti aka sa a matsayin mafi ƙaranci. Manyan gem na 2023 zuwa yau su ne ke cika 8GB in an ƙure kyan hoto. Da ya cika sai kati ya koma aro daga RAM, wasa ya riƙa sarƙewa, fuskoki da bango su dusashe. Mai son waɗannan 12GB yake nema, irin RTX 3060, shi ma a duba, don akwai mai 8GB da suna ɗaya.

To amma su wa za su zauna a bencinka? Samari biyu ne, hannun gem biyu, talabijin ɗaya, ƙwallo ko Mortal Kombat. Wannan aikin PlayStation ne. PS5 tana da 16GB wanda injinta da ɓangaren hotonta ke rabawa, kuma a kanta aka auna gem ɗin, ba ruwanka da saiti. Ba Windows da za ta tsaya sabunta kanta ana tsakiyar layi, ba yaron da zai goge maka fayil. Ga wuta: RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185, kwamfutar gaba ɗaya ta doshi 300, PS5 wajen 200, PS4 Slim ƙasa da 100. Ninka da huɗu, ka ɗora talabijin da fanka, ka ga abin da janareta zai sha kullum. In kasuwar ta ƙi, PlayStation kowa ya san farashinta, kwamfutar haɗi kuwa sai yadda mai saye ya taya.

Kwamfuta tana biyan kuɗinta ne in tana da aikin safe, kamar tace bidiyon biki ko zanen fosta. In kana da mai yi, sayi ɗaya mai kyau, ba huɗu ba.

Maganar wata uku ka ajiye ta. Wasa ɗaya da zaɓen 'yan wasa da gardama yakan ci kusan kwata, wato huɗu a awa. Cika kuwa daga la'asar zuwa dare ne, sai Asabar da Lahadi. Je wani shagon gem a unguwarku ka zauna mako guda da littafi, ka rubuta wasa nawa kowace na'ura ta yi da abin da aka karɓa. Cire fetur, haya, ladan yaro, da hannun gem, wanda shi ne ya fi saurin lalacewa. Abin da ya rage shi zai gaya maka wata nawa ne.

Fara da PlayStation biyu. Kafin alƙalamin kuma, ko ya dawo da shi, ko ya zama kuɗin kwamfuta ɗaya bisa sharaɗi. A buɗe manhajar GPU-Z a gabanka ka karanta ainihin sunan katin da memorinsa, tana ma tona wasu jabun. A kunna FurMark, manhajar gwada juriyar kati, na rabin awa: in zafi ya haura digiri 85, ko ɗige-ɗige da layuka suka fito a allo, ko fanka ta fara ƙara, mayar masa. Akwatin wutar kwamfutar ya zama wat 550 na kamfani sananne. Sannan ya rubuta maka garantin mako biyu da lambar katin a takarda, ya sa hannu a gaban shaidan da ba ɗan gidanku ba.