Tsallen Keke, Karaya da Ɗori: Likita Na Amsa Tambayoyinku

Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka zo: yaran Bauchi da suka samu keke mai manyan tayoyi, suna tsalle da shi daga kan kwalbati ko tulin yashi suna dira kan kwalta.

Tambaya: Likita, shekaruna 17, ina Fadamar Mada. In na dira da keke a fili sai idon sawuna da bayana su yi ta ciwo, amma a gangara ba na jin komai. Me ya sa?

Amsa: Gangara tana tafiya da kai ne, fili kuwa tsayar da kai yake nan take. Daga tsayin mita 1 kawai, kana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 a awa, kuma gaɓoɓinka ne za su shanye shi. Ka tashi daga kan sirdi, ka tsaya kan feda, ka lanƙwasa gwiwoyi da hannuwa, tayoyin su sauka tare ko ta baya ta ɗan riga. Kada ta gaba ta fara. Ka sa hular kwano. In ciwon bayan ya gangara ƙafa ko ka ji ƙafar ta mutu, ka zo asibiti ranar.

Tambaya: Na dafa ƙasa da na faɗi. An yi hoto an ce ba karaya, amma gindin babban yatsana bai daina ciwo ba.

Amsa: Akwai wani ɗan ƙashi a wurin da tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko. Ka koma a sake dubawa bayan kwana 10 zuwa 14, kafin nan kuma ka ajiye keken.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce a Yelwa. Ɗana mai shekara 9 ya faɗo daga keke ya karye a gwiwar hannu, an kai shi wajen mai ɗori ya ɗaure da karare. Tun jiya yatsunsa sun kumbura, sun yi sanyi, bai runtsa ba don kuka. Baffansa ya ce ƙashin ne ke haɗewa, wai in an kai shi asibiti yanke hannun za a yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tun da na ga saƙonki na kira ki, amma zan maimaita a nan saboda sauran iyaye. A sassauta ɗaurin nan yanzu, a ɗauki yaron a kai shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko asibiti mafi kusa. Yau, ba gobe ba.

Hannun da ya karye dole ya kumbura. In an ɗaure shi tamau, kumburin ba shi da inda zai je, sai ya matse jijiyoyin jini. Naman da jini ya daina isa gare shi yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Karayar gwiwar hannu a yara ta fi tayar mini da hankali, domin babbar jijiyar jinin hannu nan gaban ƙashin take wucewa. Wannan kukan da baffansa ke ji ba na haɗewar ƙashi ba ne, na naman da ke neman jini ne. Ki gwada miƙe masa yatsu a hankali: in ya ƙwala ihu, lokaci ya kusa ƙurewa. In kuma ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, yatsun suka yi baƙi, kada kowa ya yi murna.

Maganar yanke hannu kuwa, wallahi tana ƙona mini rai. Ba mu yanke hannu don ya karye. Hannun da muke yankewa shi ne wanda aka kawo bayan mako guda, ana kwance ɗaurin wari ya cika ɗakin, fata ta saɓule, yatsu sun bushe kamar itace. Na tsaya gaban uba yana riƙe da takardar amincewa, hannunsa na rawa, ɗansa bai kai shekara 10 ba. Daga nan sai a koma unguwa a ce asibiti ta yanke, a manta da kararen. Da an zo ranar farko, hoto ne da filasta, wani lokaci da 'yan siraran ƙarafa da ake zarewa bayan 'yan makonni.

Na san dalilin zuwa wajen mai ɗori: yana kusa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma kakanni ma can suka je. Amma hannunsa ba ya ganin cikin ƙashi. Hajiya, ki samu mahaifin yaron ko wani babba da baffan ke jin nauyinsa, ku tafi yanzu.

Tambaya: Ƙanena ya goge gwiwa a kwalta, abokansa suka zuba masa man birki. Ya isa?

Amsa: Haba! Man birki na mota ne. Shi da baƙin mai da toka da man goge baki, babu wanda ya dace da ciwo. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu har yashin ya fita, a rufe da bandeji, a je a duba batun allurar tetanus. In ya fara ruwa ko zazzaɓi ya shigo, a koma asibiti.

Tambaya: Ɗana ya buga kai, ya ɗan suma, sannan ya tashi yana dariya. Kan keken ma ya bar masa shaida a ciki. Sai mu bar shi?

Amsa: A'a Malam. Duk wanda ya suma sai likita ya gan shi, domin jini kan taru cikin ƙoƙon kai alhali yaro na ta hira. Wannan shaidar ta ciki kuma tana iya nufin saifa ta fashe. Ku kai shi yau. In kun ga amai, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko cikin ya yi tauri, ko da tsakar dare ne ku nemi Keke Napep ku taho.