Yarona ya haddace ayoyi, amma yana ɓoye canjin aike

Tambaya: Salama, Malama. Ina da yara biyu, namiji ɗan shekara 7 da ƙanwarsa 'yar shekara 4. Ba ma fashin makarantar Lahadi, kuma babban yakan zo na ɗaya a haddar ayoyi. Amma kwanan nan na gano in na aike shi shago yakan rage canji, har kuɗin baiko na coci yakan raba biyu ya sayi alewa. In na tambaye shi sai ya musa. Babansa ya yi masa bulala, ni kuma na ce masa Allah na ganinsa, amma abin bai sauya ba. Yaya zan sa abin da yake haddacewa ya shiga halinsa? Daga wata uwa a Kafanchan.

Amsa: Salama, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki bai lalace ba. Hadda aikin ƙwaƙwalwa ce, kuma yaro ɗan shekara 7 yana iya ta sosai. Hali kuwa a wurin zaɓi yake ginuwa, a daidai lokacin da canji ke hannunsa, alewa na gabansa, ba kuma mai kallonsa. Malamar makarantar Lahadi ba ta tare da shi a wannan lokacin. Ku da ke gida ku ne kusa.

Shi ya sa Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta ware wa koyarwa rana guda ba. Ta ce a riƙa yi wa yara maganar umarnan Allah a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. A gidajenmu wannan na nufin wurin rabon nama a kwanon tuwo, layin famfo, hanyar zuwa niƙa, da rigimar wa zai fara wanka.

Mu fara da musun da yake yi, don shi ya fi damuna, ba kuɗin ba. A 2011 masana halayyar yara biyu, Victoria Talwar da Kang Lee, sun wallafa binciken da suka yi a makarantu biyu a Afirka ta Yamma, ɗaya ana dukan yara a cikinta, ɗaya ba a yi. Aka bar yara 'yan shekara 3 da 4 su kaɗai a ɗaki, aka ce kada su leƙa abin wasan da ke bayansu. Yawancinsu sun leƙa a makarantun biyu. Da aka tambaye su ne bambanci ya fito: yaran makarantar duka sun fi yin ƙarya, sun kuma fi gwanintar rufe ta. Duka bai hana su laifi ba, ya koya musu ɓoyewa ne. Ban ce a bar yaro ba horo ba. Amma in faɗin gaskiya da ƙarya duk bulala ɗaya suke jawowa, to yaro mai wayo zai gwada ƙarya, ko ya tsira. Ki zauna da maigida ku yi shawara ku biyu, ba a gaban yaran ba. Kolosiyawa 3:21 da ubanni take magana kai tsaye, cewa kada su matsa wa 'ya'yansu har su karaya.

Ku kafa doka ɗaya da yaron zai gane: wanda ya faɗi gaskiya ba a dukansa, amma zai gyara abin da ya ɓata. Ki daina kuma yi masa tambayar da kin riga kin san amsarta. "Kai ka ɗauki canjin?" tarko ne. Ki ce, "Canjin bai cika ba, saura naira 100. Zo mu ga yadda za mu mayar." Ranar da ya fara amsa laifi da bakinsa, ki yaba masa a kan gaskiyar kafin ki taɓo maganar laifin.

Gyaran nan shi ne wurin da bangaskiya ke shiga jiki. Ki ba shi labarin Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19. Yara suna son sashen hawan itace saboda gajartarsa, malamai kuma sau da yawa a nan suke tsayawa. Ki kai shi ƙarshen labarin: Yesu ya fara shiga gidan Zakka tukuna, sannan Zakka ya tashi da kansa ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. Karɓa ce ta zo gaba, mayarwa ta biyo baya. Haka za ki yi da ɗanki. Ki rungume shi, sannan ya biya daga kuɗin da yake tarawa, ko ta wani ƙaramin aiki a gida. In mai shago ne ya ba shi canji fiye da kima, ki raka shi ya mayar da hannunsa, ke ki tsaya daga gefe.

Maganar "Allah na ganinka" gaskiya ce, amma ki lura da lokacin da kike faɗinta. In sai an yi laifi kawai ake ambaton sunan Allah, yaro zai ɗauke shi kamar ɗan sanda, wanda ake kauce wa idonsa. Ki faɗe ta ran da ya raba biskit da ƙanwarsa ba wanda ya sa shi, da daren da aka ɗauke wuta yana jin tsoro. Allahn da ke gani shi ne wanda ya ga Hajaratu a jeji cikin Farawa 16, ya kula da ita.

Game da baiko, sau da yawa laifinmu ne manya. Mukan danƙa wa yaro kuɗi a ƙofar coci mu ce ya jefa a kwano. Wannan aike ne, bai ba da komai nasa ba. Ki riƙa ba shi ɗan kuɗi nasa na kansa a mako, ko kaɗan ne, a ƙananan takardu da zai iya rabawa. Daren Asabar ku zauna ya ware na Allah, na asusu, da na alewa. Na alewar halal ɗinsa ne, kada ki sa masa ido a kai. In wani mako ya ware kaɗan, ki haɗiye maganarki. 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Ki kuma nuna masa inda baikon ke zuwa, ko buhun masarar da zumuntar mata ta kai wa gwauruwa, ko kwanon rufin coci, don yaro a wannan shekarun da abin da ido ya gani yake tunani.

Ita ƙaramar, zaɓi biyu ya ishe ta: "Za ki ba yayanki ƙosai ɗaya ko biyu?" Kada ki ɗora mata dogon wa'azi, jimla ɗaya ta isa. In sun yi faɗa, kada ki tsaya a "ce masa yi haƙuri" da ake furtawa ana harara. Mai laifi ya faɗi abin da ya yi, ɗayan ya ce ya yafe, kuma ba a sake tono zancen gobe, har da ke.

A waje ma akwai zaɓi kullum. Idan almajiri ya yi sallama a ƙofa, ɗanki ne zai kai masa abinci, da hannu biyu, a kwano mai tsabta. Idan za a kai wa maƙwabta Musulmi shinkafar Kirsimeti, shi za a aika, in sun aiko da naman Sallah shi zai yi godiya. Bayan haka labarin Basamariyen da ya taimaki baƙon da aka ji wa rauni a hanya, a Luka 10, ba zai buƙaci dogon bayani ba.

Akwai abu ɗaya mai ɗaci da dole in faɗa. Yaron da aka ce wa "je ka ce ba na nan" sa'ad da mai bin bashi ya zo, ko wanda ya ji uwarsa a waya tana cewa "ga ni a hanya" alhali tana ɗaure da zane a tsakar gida, ya riga ya ɗauki darasi, kuma wannan ya fi ayar Lahadi zama a ransa. In irin haka ta faru a gabansa, ki ce masa abin da aka yi ba daidai ba ne, ku roƙi gafara tare a addu'ar dare.

Ki ba abin watanni, zai kuma sake yi kafin ya bari. Amma in ɗaukar kuɗin ta ƙaru, ko ta kai ga jakar baƙi da kayan 'yan ajinsu, ki bincika a hankali ko wani babban yaro ne ke karɓe masa kuɗi a makaranta, ko yunwa yake ji kafin a tashi. Ki yi magana da malamin ajinsa, ki kuma nemi fasto ko matarsa su zauna da ku.