Ɗana ya kawo bindigar roba gida, ina zan ajiye ta?

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila shekara tara kenan. Babban ɗana shekararsa 16, ya shiga wani wasa da abokansa na makaranta wai shi eyasof, suna zuwa wani fili a bayan gari ranar Asabar suna harbin juna da bindigogi masu harba ƙwayar roba. Babansa ya saya masa tasa da ya ci jarabawa ba tare da an yi shawara da ni ba, fiye da rabinta shuɗi ne sauran baƙi, amma wallahi in ka cire kalar nan ba ta da maraba da wadda muke gani a hannun sojoji. Yanzu tana ƙarƙashin gadonsa, ga ƙannensa biyu ƙanana da ba abin da ba sa taɓawa, autar ma shekararta 4. Kuma kwanan nan ya fara maganar wai zai fesa mata baƙin fenti don ta ƙara kyau. Ni dai hankalina bai kwanta ba, in na yi magana babansa ya ce ai abin wasa ne na cika tsoro. Dan Allah doka ta yarda a ajiye irin wannan a gida? In ta yarda ya zan yi da ita? Daga wata uwa a Birmingham.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya su. Tsoronki yana kan hanya, kuma maigida ma bai yi laifi ba a wajen doka, don haka kada abin ya zama rigima a tsakaninku. Bari in fara da fentin nan don shi ya fi gaggawa: ki hana shi yau ɗin nan, kar ki bari sai gobe.

Dalili kuwa, a shekarar 2006 Ingila ta yi wata doka ta rage manyan laifuka, a cikinta aka hana sayarwa ko ƙerawa ko shigo da bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske sak, sai ga wasu mutane da aka keɓe kamar masu shirya fim da gidajen tarihi da kuma 'yan wasan eyasof ɗin da suka tabbatar suna buga wasan a fili mai inshora. To shuɗin nan da kike gani ba ado ba ne, shi ne ya fitar da ita daga sahun masu kama da ta gaske har aka iya sayar wa babansa, dole mafi yawan jikinta ya zama kala mai ɗaukar ido irin su ja ko ruwan lemo ko kore shar ko shuɗi mai haske. Duk wanda ya canja mata kala ta koma kamar ta gaske to ya shiga cikin abin da dokar ta kira laifi sai in yana da hujjar kare kansa, kuma yaro ɗan shekara 16 da gwangwanin fenti a bayan gida ba shi ne zai tsaya yana wannan bayanin gaban ɗan sanda ba. Manya masu son baƙar suna bi ne ta wani tsari da dillalan suka kafa mai suna UKARA, sai mutum ya cika 18, ya buga wasa sau uku a fili ɗaya mai rajista cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba, sannan a sa sunansa. In yana son wasan da gaske ya yi haƙuri shekara biyu ba nisa. Shi kansa yanzu ba zai iya shiga shago ya saya ba don an hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma babba ya saya ya ba shi kyauta wannan ba matsala.

Maganar ajiyewa a gida kuma, eh an yarda, ba a neman lasisi matuƙar ƙarfinta bai wuce iyaka ba. Tun 2017 doka ta fayyace iyakar: jul 1.3 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin fitar ƙwayar) ga mai ɓarin wuta ba tsayawa, jul 2.5 ga mai fitar da ɗaya-ɗaya, kuma ƙwayar ta zama ta roba da ba ta wuce milimita 8 ba (yawancinsu ma milimita 6 ne). Wadda aka sayo daga shagon kirki a nan ƙasar za ki samu tana ƙasa da haka, inda ake samun matsala shi ne yaran nan suna kallon bidiyo a YouTube su sayo sifirin mai ƙarfi su canja, in ta haura iyakar to ta tashi daga abin wasa ta koma ƙarƙashin dokar bindigogi, kuma in mai ɓarin wuta ce abin ba ƙarami ba ne. Filayen wasan suna da na'urar auna gudun ƙwayar kafin a shiga, ki ce masa ya nuna miki abin da tasa ta nuna, kuma kar ya buɗe cikinta sai da sanin babansa.

Doka ba ta tilasta miki sayen akwatin ƙarfe irin na masu bindigar farauta ba, amma ni a ganina ƙarƙashin gado ba wajen ajiya ba ne ko kaɗan a gidan da ke da 'yar shekara 4. Ki samu akwatinta mai tauri wanda ake sa wa kwaɗo, ba su da tsada sosai, ko kuma jaka mai zif biyu da za a haɗa a datse da ƙaramin kwaɗo, a ɗora can saman wadrob ɗinku ke da maigida ba ɗakin yara ba. Makullin kuma a hannunki ko na babansa. Na san zai yi fushi ya ce ba a yarda da shi ba, sai ki gaya masa ba shi kike tsoro ba, ƙannensa ne da abokansa masu shigowa gidan, don yaro in abokai sun zo sai ya so nuna musu, daga nan sai a ɗauki hoto a sa a Snapchat, daga nan sai wani ya ce bari in riƙe a bakin taga. Ranar wasa ya karɓa, in ya dawo ya miƙo.

Kafin ta shiga akwatin akwai abin da nake so ki tsaya a kansa ki ga ya yi da idonki, ko da sau biyu na farko ne. Ya cire gidan harsashin, wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ko an cire shi sau da yawa akwai ƙwaya ɗaya ko biyu da ke maƙalewa a can ciki bakin bututun. Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni a gidan wani ɗan'uwa, yaron gidan ya miƙo min tasa ya ce ba komai a ciki ga gidan harsashin ma a hannunsa, na juya ta wajen ƙofar kicin na ja kunamar, sai ji muka yi ƙwas, ƙwayar ta bar rami a jikin katakon ta dawo ta wuce ta gefen kunnen wata yarinya da ke zaune a kan kafet tana cin abinci. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, don tazarar ba ta kai tsawon yatsa ba tsakaninta da idon yarinyar nan. Ƙwayar ba ta da nauyi, kashi ɗaya cikin biyar na giram ce, amma tana fita da gudun mita ɗari a daƙiƙa ɗaya ko fiye, a jiki tabo za ta yi ta wuce, a ido kuwa tana iya makantarwa, tana kuma karya haƙori. Saboda haka bayan ya cire gidan harsashin ya sa tabaransa na kariya, ya juya bakin cikin kwali da aka cusa tsofaffin tsummokara, ya harba sau biyu ko uku ɗaya-ɗaya har ya ji iska kawai take fita. Wannan yana kuma sassauta sifirin ɗin cikinta ta fi daɗewa ba ta lalace ba, kinga shi ma ya ƙaru. Sai ya mai da ita kan makullinta na tsaro.

Sai batir. In mai batir ce, kuma yawancin na masu farawa haka suke, kar a taɓa ajiye ta da batir a jone. Irin wanda ake kira LiPo shi ya fi yawa yanzu kuma gaskiya ni shi na fi jin tsoro a kan bindigar kanta ta fuskar gobara, in ya kumbura ko ya huje ko aka yi masa caji da cajar da ba tasa ba yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Akwai 'yar jaka da ba ta cin wuta da ake sayarwa dominsa, a ciki za a ajiye shi a kuma yi masa caji, ba a kan gado ba, ba a kan kafet ba, ba da daddare kowa na barci ba. In zai daɗe ba a yi amfani da shi ba a bar shi da rabin caji, cajar kirki tana da wajen saita hakan, wajen bolt 3.8 kowane ɗaki na batirin. Da kin ga ya yi ciki kamar burodi to ya gama aiki, a kai shi wajen da ƙaramar hukuma ke karɓar tsofaffin batura kar a jefa a shara. In kuma mai gas ce, gas ɗin nan da suke cewa kore ba komai ba ne illa irin na girki da aka sa wa ɗan mai, a nisanta gwangwanin daga hita da murhu da rana. Ƙwayoyin kuma a rufe su a gora a ɗaga sama, auta za ta iya sawa a baki ko hanci, ki riƙa duba ƙasan ɗakinsa don suna zubewa ba a sani ba.

Abu na ƙarshe kuma wanda ya fi damuna da yaranmu baƙar fata a ƙasashen nan shi ne fita da ita waje. Ɗaukar bindigar kwaikwayo a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har wata 12, kuma wannan ya haɗa da mai shuɗin ma. In kuma aka nuna wa wani ita don a tsorata shi, ko da wasa yaro yake ganin yana yi, hukuncin yana iya kaiwa shekara 10. Ranar wasa ta tafi a cikin jaka a rufe ruf, a but ɗin mota, daga gida sai fili daga fili sai gida, ba tsayawa a shago ba biyawa gidan aboki. Ko a bayan gidanku ban ba shi shawarar ya riƙa gwaji ba, maƙwabciya tana leƙowa ta taga ta hango yaro da doguwar bindiga lambar gaggawa ta 999 za ta kira, kuma waɗanda za su zo masu ɗauke da ta gaske ne, ba za su tsaya tantance kala daga nesa ba. A Amurka a watan Nuwamba 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice a garin Cleveland, yaro ɗan shekara 12, yana wasa da irin wannan bindigar a wajen shaƙatawa, an cire mata alamar ruwan lemon da ake sawa a baki. Shekara ɗaya kafin nan an kashe Andy Lopez ɗan shekara 13 a Kalifoniya shi ma da irinta a hannu. Ki zaunar da shi da babansa ki ba su labarin yaran nan biyu. Sannan in gidan haya kuke ki duba takardar yarjejeniyar, wasu masu gidan suna hanawa, haka ɗakunan kwanan ɗalibai in Allah ya kai shi jami'a yawancinsu ba sa yarda sam.

*

Malam barka da aiki. Zan je gida Kano hutun sallah, yarana suna so su tafi da ƙaramar bindigarsu ta eyasof su nuna wa 'yan'uwansu, in na sa ta a babbar jaka ba ta hannu ba ai ba damuwa ko? Daga wani magidanci a Manchester.

Alhaji dan Allah a bar ta a Manchester. Tun a filin jirgin can na'ura za ta nuna siffar bindiga a jakarka a kira ka gefe, kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar irin wannan sai an sanar da su tun kafin tafiya, wasu ma ba sa ɗauka gaba ɗaya, batirin da gas ɗin kuma kowanne da tasa dokar. In ma ka tsallake can to ga kwastan a gida, ƙaramar bindiga mai aiki da iska tana cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata, kuma ba na jin kana son ka kwana kana yi wa jami'i bayanin bambancin ta roba da ta gaske da iyali tsaye a bayanka da jakunkuna. Ka kuma tuna halin da ake ciki a hanyoyinmu, shinge ko'ina, a buɗe but a ga wannan abin a motar da ta ɗauko ku ai ka ja wa direban ma. Ga yaran gida ba su da tabaran kariya ba su san ƙa'idar wasan ba, mun sha ganin yadda 'yan ƙananan bindigogin sallah na kasuwa ma suke ji wa yara ciwo a ido balle wannan da ta ninka su ƙarfi. Ka cire batirin, ka kulle ta a akwati kafin ku taso, in akwai wanda zai riƙa shiga gidan ba ku nan ka tafi da makullin a aljihunka. Yaran su ɗauki bidiyon wasansu a waya su nuna wa 'yan'uwan. Allah ya kai ku lafiya, a gaida mutan gida.