Zan je Iran yawon buɗe ido, kwana 10 gare ni, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, na samu bizar Iran kuma kwana 10 kacal gare ni, ina so in ga wuraren tarihin Farisa na da can, amma na ji ance katin banki baya aiki a ƙasar, ga shi ko kalma ɗaya ban iya ba a yarensu. Dan Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Toh maganar kati gaskiya aka faɗa maka, Visa da Mastercard duk basa yi saboda takunkumin Amurka, dole ka riƙe tsabar dala ko yuro, sababbi marasa yagewa, ka canja a shagon 'yan canji da suke kira sarrafi. Inda baƙo ke ruɗewa shi ne a jikin takarda riyal aka rubuta, amma a baki toman ake ciniki, toman 1 riyal 10 ne, sannan mai kaya zai yanke sifili ya ce maka "hamsin" alhali toman dubu hamsin yake nufi. Ka miƙa masa waya ya rubuta. Lambobinsu irin na shafin Alƙur'ani ne, 4 da 5 da 6 kawai suka ɗan bambanta, don haka ba za ka sha wuya ba.

Kwana 10 kuwa kada ka ce sai ka zaga ko'ina, Tehran kwana ɗaya ya isa, sauran ka raba wa Isfahan da Yazd da Shiraz. Manyan bas ɗinsu na VIP akwai daɗi ga araha, Isfahan zuwa Shiraz kamar awa 6 zuwa 7 ne.

Abin da ka je dominsa, wato kufan tsohon birnin sarakunan Farisa, yana kusa da Shiraz, tafiyar kilomita 60 haka. Turawa na ce masa Persepolis, amma direba Takhte Jamshid ya sani, haka za ka ce. Sarki Dariyus ya fara gina shi wajen shekara 518 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya ya banka masa wuta a 330 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancin mutane hoto suke yi a bakin ƙofa gaban manyan bijiman dutsen nan su juya, wallahi asara ce. Ka ƙarasa matakalar Apadana, wato zauren da sarki ke karɓar baƙi, ka tsaya, an sassaƙa tawagogi 23 na ƙasashen da ke ƙarƙashin daular kowa da gaisuwar da ya kawo wa sarki, wani raƙumi mai tozo biyu, wani raguna, wani tufafi a ninke, kowane jagora an riƙe hannunsa ana shigar da shi. Can ƙarshen layi za ka ga mutanen Kush daga yankin Sudan ta yau, gashinsu a nannaɗe, ɗaya ya saɓa hauren giwa a kafaɗa. Ni dai nan na fi daɗewa. Ka tafi da sassafe don babu inuwa ko ta kobo, in ka gama ka biya Naƙshe Rustam, kusa ne, inda aka fafe dutse aka yi kaburburan sarakuna.

Isfahan kuma da yamma ake cinta. Filin Naƙshe Jahan wanda Shah Abbas ya gina bayan ya mayar da babban birni can a 1598, iyalai za ka gani sun shimfiɗa darduma a ciyawa da fulas ɗin shayi, sai an ce maka zo ka sha. Shayinsu ba a zuba sukari ciki, ƙwarar sukarin ake sakawa a baki a kurɓa a kai. Yazd garin ƙasa ne da lunguna, zai tuna maka cikin badala, ka duba dogayen hasumiyar da ke janyo iska cikin gida, badgir, da gidan wutar Majusawa.

Yanzu ga wadda ta fi ta kuɗin wuya, wata al'ada ce taaruf. Kara ce irin tamu, kamar a ce maka bismilla ka ce alhamdulillahi na ƙoshi ko da kana jin yunwa, sai dai su sun kai ta har cikin ciniki. Zuwana na farko mai tasi ya kai ni masauki na miƙa kuɗi ya dafa ƙirji ya ce "ƙabil nadare", wato bai kai a biya ba, ni kuma na yi godiya na sa ƙafa zan tafi, da na waiwayo na ga idon bawan Allah sai na gane na tafka. Ka nace sau biyu ko uku, zai karɓa. In kai aka gayyata gida ka ƙi sau biyu, in ya dage a na uku to da gaske yake, ka je da ɗan kayan zaƙi, ka cire takalmi a ƙofa.

Sallah ba matsala, sai dai mafi yawansu 'yan Shi'a ne, kiran sallah sau uku za ka ji don suna haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i, kuma za ka ga ƙaramin dunƙulen yumɓu a akwati bakin masallaci da suke sa goshi a kai. Ka yi taka yadda ka saba. In da Hajiya za ka, mayafi doka ne, ita wannan dama a gida take. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko ginin gwamnati ko da wasa, Facebook a toshe yake, kuma ka bi labarai sosai kafin ka yanki tikiti, yankin nan yakan rikice dare ɗaya.

Lokaci kuma ka guji Nauruz, sabuwar shekararsu, daga 20 ko 21 ga Maris har kwana 13 otal a cike suke. Afrilu zuwa Mayu ko Oktoba ya fi. A Shiraz ka shiga masallacin Nasirul Mulk tun ƙarfe 8 na safe lokacin da rana ke ratsa gilasan launi tana zuba kan darduma, in hantsi ya ɗaga ka makara.